Ɗan Hakin da Ke Gefen Allo

Watanni kaɗan da suka wuce na ɗora wata manhaja a kwamfutata saboda wani aiki na kwana biyu. Da aikin ya ƙare na cire ta yadda aka tanada, har ta yi mini sallama da saƙo mai daɗi, wai tana fatan zan dawo. Washegari na buɗe wurin duba fayiloli, sai ga sunanta a layin hagu, ta yi ɗare-ɗare tsakanin foldar takarduna da ta hotuna, da ɗan tambarinta mai launi. Na danna, kwamfuta ta ce wurin babu shi. Na danna maɓallin dama na maus ina neman inda zan goge, ban ga komai ba. Na kama shi na ja zuwa kwandon shara, ya ƙi motsi. Manhajar dai ta tafi, amma ta kafa allon sunanta a ƙofar gidan da ba nata ba, ta yi gaba da gudumar da za a cire ƙusar.

Ba sai na ambaci sunanta ba, don halin ya zama ruwan dare. Sai da na ɓata kusan awa guda kafin na kawar da wannan ɗan rubutu, kuma a cikin awar nan fushina ya tashi daga kan manhaja ɗaya ya koma kan tsarin gaba ɗaya. Ra'ayina gajere ne. Duk wanda zai kafa sunansa a wurin da nake duba fayilolina, ya tambaye ni tukuna. In na yarda, hanyar cire shi ta kasance da sauƙi daidai da hanyar da ya shigo. In na cire, ya zauna a cire, kada sabuntawar wata mai zuwa ta dawo mini da shi. Kamfanin da ya ƙi yin waɗannan ukun, da gangan ya ƙi.

Wani zai ce wannan duk a kan ɗan layi guda da bai kai tsawon ɗan yatsa ba? To, a duba inda layin yake. A Windows, layin hagu na File Explorer, wato wurin duba fayiloli, ba ya tsayawa a File Explorer kaɗai. Duk sanda za ka adana takarda ko ka buɗe hoto ko ka liƙa fayil a imel, tagar da ke fitowa tana ɗauke da wannan layin. Ma'aikacin ofis yana kallonsa sau da yawa a yini ba tare da ya ma san ya kalla ba, hannunsa ya riga ya haddace inda kowace folda take. A duk faɗin allon kwamfuta da wuya a sami fili mai daraja kamarsa, kuma masu ƙera manhaja sun fi mu sanin haka. In aka cusa sabon suna a tsakiya, komai ya matsa ƙasa da taki ɗaya, hannun da ya saba sai ya riƙa sauka a wurin da ba shi ya nufa ba. Wurin da yake saukar kuwa, ba mamaki, na wanda ya cusa kansa ne.

Akwai bambancin da ya kamata a sani, don shi ne tushen wahalar. Gajeriyar hanya irin ta yau da kullum, wadda ke kan fuskar kwamfuta da ɗan kibiya a kusurwa, ƙaramin fayil ce da ke nuna inda wani abu yake. Ka goge ta, manhajar da take nunawa tana nan lafiya. Haka foldar da kai ka maƙala a Quick access, sashen layin hagu na foldojin da kake so a kusa, wanda ya zo da Windows 10 a 2015: ka danna dama, ka zaɓi a ɓalle ta, shi ke nan. Amma sunayen da manhajojin ajiyar intanet ke kafawa, irin su OneDrive na Microsoft da Dropbox, da kuma Creative Cloud Files na kamfanin Adobe a da, ba fayiloli ba ne. An yi musu rajista ne a matsayin wani ɓangare na jikin File Explorer, a cikin babban kundin saiti da ake kira rajistar Windows. Shi ya sa in ka danna dama ba ka ganin hanyar cirewa irin ta sauran.

Wanda ya nace sai ya cire, ga abin da ke gabansa. Zai buɗe manhajar gyara rajista, wadda ita kanta Microsoft ke gargaɗin cewa kuskure a cikinta na iya lalata kwamfuta. Zai nemo wata lamba mai haruffa da alƙaluma 32, wadda a wajen OneDrive ta fara da 018D5C66. A ƙarƙashinta akwai wani saiti mai suna System.IsPinnedToNameSpaceTree, an rubuta masa 1. Sai ya mayar da shi 0. Idan manhajar ta riga ta tafi ta bar gawar sunanta kamar yadda ya same ni, sai ya bi wani reshe da ake kira NameSpace, ya yi ta buɗe lambobi ɗaya bayan ɗaya har ya gano wadda ke ɗauke da sunan, ya goge ta, yana addu'ar kada ya zama ta kusa da ita ya goge.

Wannan 1 da 0 ɗin ne ya fi tsaya mini a rai. Dukan abin alƙalami ɗaya ne. Babu wata matsalar fasaha da ta gagari injiniyoyi, babu wani ginshiƙin da zai rushe. Makunnin yana nan, an ƙera shi, yana aiki, sai dai an binne shi a inda mutum na gari ba zai taɓa isa ba. Microsoft ta wallafa wa masu ƙera manhaja takardar koyarwa, mataki bayan mataki, kan yadda kamfanin ajiyar intanet zai kafa sunansa a wannan layin. Mai shigowa an shimfiɗa masa hanya da fitilu. Mai kwamfutar da ke son ya sallami baƙo kuwa sai ya shiga daji da kansa. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan raɓar rana ba ta busar da ita.

Kuma ba wai ba a san yadda ake yi ba. A kwamfutocin Apple, Finder, wato wurin duba fayilolinsu, yana da shafi guda a saitinsa mai ɗauke da jerin abubuwan da ke layin gefe, kowanne da ɗan akwati a gabansa. Ka cire alamar, abin ya ɓace, har da iCloud, ajiyar intanet ta Apple ɗin kansa. Ko kuma ka kama shi da maus ka ja shi waje. A Linux, wuraren da mutum ya maƙala a manhajar fayiloli ta GNOME suna rubuce ne a wani ɗan fayil na rubutu zalla, layi ɗaya wuri ɗaya, ko yaro zai iya karantawa. Ban kawo wannan don in wanke Apple ba. Su ne a watan Satumba na 2014 suka cusa kundin waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan U2 a asusun iTunes na mutane kusan miliyan 500 ba tare da tambaya ba, sai da surutu ya yi yawa suka fito da shafi na musamman na cire shi cikin mako guda. Kowane kamfani yana da wurin da yake shiga ba sallama. Abin da misalin Finder ke nunawa kawai shi ne akwatin cirewa abu ne mai yiwuwa, kuma duniya ba ta tashi ba don an ba mutane shi.

Microsoft ma kanta ta sha cusa nata. A ƙarshen 2017, lokacin da kamfanin ke ganin kowa zai koma zane mai fuska uku, sabuntawar Windows 10 ta kawo folda mai suna 3D Objects ta ajiye ta a cikin This PC, sashen da ke nuna manyan foldojin kwamfuta, kafaɗa da kafaɗa da takardu da hotuna da bidiyo. Akasarin mutane ba su taɓa saka komai a cikinta ba, kuma babu maɓallin kawar da ita sai an bi ta rajista. Shekara huɗu tana zaune, sai da Windows 11 ta fito a watan Oktoba na 2021 aka daina nuna ta. Wato kamfanin da kansa ya gane ba a buƙatarta, amma a duk tsawon shekarun bai ga dacewar barin mai kwamfuta ya yanke wannan hukunci da kansa ba. A 2023 kuma sai ga Gallery, wurin kallon hotuna, a layin hagu, aka sake komawa gidan jiya. A 2017 ɗin dai mutane suka fara ganin tallan ƙarin wurin ajiya na OneDrive a saman tagar File Explorer, sannan a watan Maris na 2022 wani tallan ya bayyana a nau'in gwaji na Windows 11, kamfanin ya ce kuskure ne, ba a yi niyyar jama'a su gani ba. Na yarda ba a yi niyyar a gani ba. Amma wani ya zauna ya ƙera shi.

Akwai wani labari da nake jin daɗin bayarwa, don yana nuna yadda manyan kamfanoni ke komawa yara a kan ɗan fili. Ka san ƙananan alamomin nan da ke maƙale a kusurwar fayil, koren maki mai nuna an riga an tura shi intanet, ko jan kuros mai nuna an sami matsala? Windows ba ta ɗaukar fiye da irinsu 15, kuma ta keɓe wa kanta wasu daga ciki. Sauran gurabun ana raba su ne bisa jerin haruffa, wanda sunansa ya zo farko a rajista shi ke samu. Da kamfanoni suka gano haka, sai suka fara saka fili, wato gurbin da babu harafi, a gaban sunayensu, don fili yana riga harafin A a jeri. Wannan ya sa ɗaya, wancan ya sa biyu, na farkon ya dawo da uku. Wanda ya buɗe wannan reshen na rajista a kwamfutar da ke da OneDrive da Dropbox zai ga sunayen sun karkace kamar matakala. Waɗanda suka sha wuya su ne masu amfani da ƙananan manhajoji irin su TortoiseSVN, da alamominsu ke ɓacewa ba tare da sun san dalili ba. A duk wannan kokawar babu wanda ya tambayi mai kwamfutar wace alama ya fi buƙatar gani.

Jerin zaɓin da ke fitowa in an danna dama shi ma haka ya cika. Manhajar matse fayil ta sa nata, ta kashe ƙwayar cuta ta sa nata, ta kallon bidiyo ta sa biyu, har jerin ya kai mutum na neman inda zai sake wa fayil suna kamar mai neman allura cikin ruwa. Microsoft ta amince da bakinta a 2021 cewa jerin ya yi tsawo fiye da kima bayan shekaru yana girma ba mai tsawatarwa. Maganin da ta kawo a Windows 11 shi ne sabon gajeren jeri, tsohon kuma aka tura shi bayan wani maɓalli da ke cewa a nuna ƙarin zaɓi. An share ɗaki an tura dattin ƙarƙashin gado. Har yanzu babu shafi guda a saiti da zai nuna maka duk wanda ya kafa wani abu a jerin, ya ba ka damar sallamar wanda ka ga dama.

Dalilin duk wannan nacin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin mutane ba sa canza abin da suka tarar. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, ta fito fili cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 don ya zama shi ne injin binciken da mutum zai tarar a waya da burauza, kuma a watan Agusta na 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya karya dokar hana babakere. Babu mai zuba irin wannan dukiya a kan abin da ba ya tasiri. Sunan da ke layin hagu ƙaramin ɗan'uwan wancan ne. In kana ganinsa kullum, wata rana za ka adana takarda a ciki, ko da bisa kuskure. Gurbin kyauta na OneDrive gigabait 5 ne. Ranar da ya cika, saƙon da zai biyo baya an riga an rubuta shi tun kafin ka sayi kwamfutar.

Masu ganin maganar ƙarama ce, su tuna cewa ɗaya daga cikin manyan shari'o'in duniyar kwamfuta a kan ɗan tambari ta ginu. A 1996 kamfanin Compaq, wanda a lokacin ya fi kowa sayar da kwamfutoci a duniya, ya cire tambarin Internet Explorer, burauzar Microsoft ta lokacin, daga fuskar wasu kwamfutocinsa. Microsoft ta aika masa takarda cewa za ta soke masa lasisin Windows 95. Compaq ya mayar da tambarin. Wannan na cikin abubuwan da aka tono a ƙarar da gwamnatin Amurka ta shigar a 1998, kuma a watan Yuni na 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cewa hana masu haɗa kwamfuta cire irin waɗannan tambura, da kuma fitar da Internet Explorer daga jerin manhajojin da mutum zai iya cirewa, sun saɓa wa doka. A Turai an tilasta wa kamfanin Microsoft ya riƙa nuna wa mutane allon zaɓen burauza, allon ya ɓace daga wani nau'in Windows 7 daga 2011 zuwa 2012, aka ce kuskuren fasaha ne, Hukumar Tarayyar Turai ta ci shi tarar yuro miliyan 561 a 2013. Ɗan hakin da ka raina, manyan lauyoyi sun daɗe da sanin yana tsone ido.

Yanzu bari in saurari ɗaya ɓangaren, don suna da hujjojin da ba na banza ba. Na farko, mutane da yawa suna son waɗannan gajerun hanyoyin. Wanda ya biya kuɗin ajiyar intanet yana so ya gan ta a kusa. Gaskiya ne, kuma tambaya ɗaya lokacin ɗorawa ta wadatar, mai so ya ce e. Na biyu, kuma wannan ya fi nauyi, ajiyar intanet ta ceci mutane ba adadi. Kwamfuta ta faɗi, ko an sace ta, ko faifanta ya mutu, mutum ya shiga asusunsa ya tarar da aikin shekaru yana jiransa, alhali da kansa ba zai taɓa tunanin yin kwafi ba. Injiniyan da ya ce gara a tura mutane zuwa ga abin da zai amfane su, ba lallai mugu ne ba. Na uku, in aka sauƙaƙa cirewa, wasu za su cire bisa kuskure su ɗauka fayilolinsu sun salwanta.

Na karɓi hujja ta biyu da hannu biyu, amma ba ta kai inda suke son ta kai ba. Amfanin abu dalili ne na a ba da shawararsa, a bayyana shi da kyau, a ma maimaita sau ɗaya. Bai zama dalilin ɓoye ƙofar fita ba. Likitan da ya tabbata maganinsa na da kyau ba ya kulle majinyaci a ɗaki. Hujja ta uku kuwa a kansu take juyawa. Abin da ke jawo asarar fayiloli shi ne rashin maɓallin cirewa. Mutum ya gaji da ganin sunan, ya rasa yadda zai kawar da shi, sai ya shiga foldar ya goge duk abin da ke ciki, bai san cewa foldar tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta intanet ba, abin da ya goge a nan ya gogu a can. In kuma an riga an mayar da foldar takardunsa da ta hotunansa ƙarƙashin ajiyar, to ainihin kayansa ya watsar. Akwai kwandon shara a intanet ɗin da ke riƙe su na kwana 30 ga asusun mutum ɗaya, in ya farga da wuri. Ɗan maɓalli mai cewa a ɓoye wannan daga layin gefe, fayilolinka suna nan, da ya hana duk wannan.

Akwai kuma wata ɓarnar da ban cika jin ana ambata ba. Kwanaki ƙanwata ta kira ni hankali a tashe. “Yaya, ina jin an yi mini kutse. Wani abu ya fito a gefen fayilolina, wallahi ban sa shi ba.” Na sa ta karanto mini sunan, na gane wata manhaja ce da ta sabunta kanta cikin dare. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ba komai ba ne. Bayan na ajiye waya sai na ji ban kyauta ba. Ta yi daidai abin da masana tsaron kwamfuta ke roƙon kowa ya yi, ta ga baƙon abu ta tsorata ta tambaya, ni kuma na koya mata cewa baƙon abu a kwamfuta ba komai ba ne. In aka maimaita mata wannan darasin sau biyar, ranar da ainihin muguwar manhaja za ta bayyana, kafaɗa kawai za ta ɗaga. Kamfanonin kirki da ke shiga ba sallama suna kashe wa mutane wannan faɗakarwar, ɓarayi kuma su ci gajiyar.

Mu ma masu amfani da kwamfuta muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Sau nawa manhaja ta tambaya, a wani ɗan akwati a shafi na uku na ɗorawa, mu kuma muna ta danna gaba, gaba, gaba, kamar ana kora mu? Sai dai in akwatin ya zo da alamar amincewa an riga an saka masa, da ƙananan haruffa, a ƙarƙashin dogon rubutun da aka san ba mai karantawa, wannan tarko ne aka yi masa kwalliyar tambaya. Wani masanin tsara manhaja ɗan Birtaniya, Harry Brignull, tun 2010 yake tattara irin waɗannan dabarun, kuma ɗaya daga cikin sanannun da ya lissafa ita ce wadda shiga ke da sauƙi, fita kuma ta gagara.

To wa zai gyara? Kasuwa ita kaɗai ba za ta yi ba, don babu wanda ke canza babbar manhajar kwamfutarsa, ya bar duk kayan aikin da ya saba da su, saboda layi ɗaya a gefen allo. Haushin ya yi ƙanƙanta da zai kori mutum, ya kuma yi yawa da za a manta da shi, kuma a wannan tsakanin kamfanoni ke kiwo. Doka ta nuna tana iya motsa su. Koriya ta Kudu tun 2014 ta fitar da ƙa'idar cewa manhajojin da waya ke zuwa da su, in ban da na dole, a bar mutum ya iya goge su. Dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a kan manyan kamfanoni a watan Maris na 2024, ta wajabta musu barin mutane su cire manhajoji cikin sauƙi, da tarar da za ta iya kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarsu na duniya. Nan da nan sai ga Edge, burauzar Microsoft, da aka daɗe ana nuna kamar ba ya rabuwa da Windows, ya zama abin cirewa, amma ga mazauna yankin Turai. Kwamfuta iri ɗaya, manhaja iri ɗaya, mai ita a Faransa yana da maɓallin da mai ita a sauran duniya ba shi da shi. Wannan kaɗai ya isa ya rufe bakin duk mai cewa matsalar ta fasaha ce.

Ba na goyon bayan hukuma ta zauna tana zana wa kamfanoni yadda taga za ta kasance. 'Yan majalisa ba su iya wannan aikin ba, kuma Turai ta riga ta gwada irinsa: bayan hukuncin da ta yanke wa Microsoft a 2004 an fito da Windows marar Media Player, manhajar kunna waƙa da bidiyo, aka rasa masu saye. Abin da nake so ƙanƙani ne, kuma ana iya auna shi. A ƙirga dannawa nawa abu ya ɗauka kafin ya shigo, a tabbatar fitarsa ba ta wuce haka ba. Manhajar da aka cire ta kwashe komatsanta duka, har da sunanta. Zaɓin da mutum ya yi kuma ya rayu bayan sabuntawa. Wannan na ƙarshen ya fi muhimmanci a wurina, don shi ne ke bambanta wanda ya manta ya tambaye ka da wanda ya ji amsarka ya yi kunnen uwar shegu. Kuma ita Microsoft ba ta buƙatar jiran wata doka. Ita ke da File Explorer, ita ta ƙera makunnin. Shafi ɗaya a saiti, mai jerin sunaye da akwatuna, zai kashe maganar ga nata manhajojin da na wasu baki ɗaya.

Kafin ranar ta zo, wanda zai yi da kansa ya bi a hankali. Ya fara duba saitin ita manhajar, wasu suna da makunnin a ɓoye. In ta ajiyar intanet ce kuma ba ya sonta sam, ya tabbata fayilolinsa sun sauko kwamfutar gaba ɗaya, ya raba asusun da na'urar, sannan ya cire manhajar, kada ya fara da goge abin da ke cikin foldar. In ta kai ga rajista, ya adana kwafin reshen da zai taɓa kafin ya canza komai. Ya kuma yi hattara da manhajojin da ke tallan za su share masa kwamfuta da dannawa ɗaya, don da yawansu su ma sai sun kafa nasu tambarin, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kwamfutar wurin aiki kuwa a bar wa masu kula da ita, wataƙila su suka sa abin da gangan.

Ni dai yanzu ina da wani ɗan fayil a foldar takarduna, na rubuta lambobin nan masu tsawo a ciki, kowacce da sunan mai ita a gefe, don kada in sake ɓata awa guda. Sun kai huɗu. Makon jiya kwamfutar ta sabunta kanta, da safe na tarar ɗaya daga cikinsu ya dawo mazauninsa, tsakanin takardu da hotuna. Na buɗe fayil ɗin, na kwafi lambar, na mayar da 1 ɗin 0.